Sarki Yana da Aku, Mu Mi Muke da Shi?

Yanzu da ka iya haɗa baƙi da wasali, lokaci ya yi da za ka wuce littafin koyo ka kama babban littafi. Wanda zan yi maka magana a kansa yau shi ne Magana Jari Ce, littafi na ɗaya. Zan faɗa maka abin da ya yi kyau cikinsa. Zan kuma nuna maka inda nake ganin ya gaza.

Dalilin da ya sa na zaɓe shi, akwai maganar shugabanci cikinsa tun daga farko har ƙarshe. Mu kuwa nan Dogo-Dogo, da sauran karkarar Dungas da Magarya, ba mu rasa shugabanni ba. Akwai shugaban rumbun tsimi. Akwai shugaban kwamitin famfo. Akwai shugabar asusun mata, da shugaban iyayen ƴan makaranta. Hatsinmu da kuɗinmu suna hannunsu. In sun gyara mu sha ruwa mu ci tuwo. In sun ɓata mu ne da wahala. Saboda haka maganar ta shafe ka.

Wanda ya rubuta littafin

Sunansa Abubakar Imam. An haife shi a Kagara, cikin Najeriya, a shekarar 1911, ya rasu a 1981. Malamin makaranta ne a Katsina kafin a kira shi Zariya domin aikin rubuta littattafai. Can ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. Ya ɗebo labaru daga Larabawa, da Indiya, da Turawa, da tatsuniyoyinmu na gida, ya sa musu rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne. A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Hausarsa mai daɗi ce, ba ta da nauyi. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya bin ta sannu sannu. In ka gamu da kalmar da ba mu faɗi a Damagaram, ka tambayi malamin ajinku, ko ka ci gaba da karatu, ma'anar za ta fito da kanta.

Labarin a taƙaice

Akwai wani babban sarki mai suna Abdurrahman. Ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, daga baya Allah ya ba shi Musa. Sarkin wata ƙasa da ake ce wa Sinari ya aiko yana neman a haɗa ƴarsa aure da Musa. Sarki Abdurrahman ya fusata, ya wulakanta ɗan aiken. Daga nan yaƙi ya tashi.

Wazirin Abdurrahman kuwa macuci ne, gadon sarauta yake so. Ya haɗa baki da abokan gaba a ɓoye domin ya miƙa musu Musa. Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa a gida tare da wani aku mai hikima da ya saya. Waziri ya yi ta kitsa dabarar da za ta fitar da yaron daga gida. Duk sa'ad da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya jawo wani labari mai daɗi, ya riƙe shi da shi har lokacin fita ya wuce. Haka aka yi ta yi har sarki ya komo da nasara. Asirin waziri ya tonu, aka hukunta shi, aka naɗa aku waziri.

Abin da littafin ya yi daidai

Na farko, ya nuna mana tsadar fushin shugaba. Sarki ya yi fushi na sa'a guda, ƙasa ta shiga yaƙi. Da ya kwana da maganar, ya tara dattawa, ya mayar da amsa mai ladabi, da ba a zubar da jini ba. Ka duba garinku. Sau nawa taro ya watse don shugaba ya ji an taɓa girmansa? Bahaushe ya ce babba juji ne. Wanda ba ya iya haɗiye magana mai ɗaci bai isa ya riƙe jama'a ba.

Na biyu, ya nuna mana cewa ɓarna takan fito daga wanda ya fi kusa. Waziri shi ke zaune dama da sarki, shi ke jin asirinsa, shi aka amince wa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abokan gaba ba su da hanyar kai wa ga Musa sai ta hannun na gida.

Na uku, aku ya san aikin da aka ba shi, bai kuma sake shi ba. An ce ya tsare yaro, ya tsare shi. Ba shi da takobi, ba shi da doki. Ya san halin wanda yake lura da shi, ya san lokacin magana, ya san irin maganar da za ta shiga kunne. Wannan ilimi ne babba ga duk mai riƙon mutane, ko uwa ce cikin gida, ko sarkin noma ne ranar gayya. Mutum ba jaki ba ne da za a kora da sanda. A nan Abubakar Imam ya cika sunan littafinsa.

Inda na rabu da littafin

Akwai wani wuri da masu karatu da yawa ke wucewa da sauri. Ina so ka tsaya a kansa. Aku ba shi kaɗai ba ne, yana da mace. Ita Musa ya fara neman izni wurinta. Ta hana shi fita kai tsaye, ba ta yi kewaye ba. Musa ya hasala, ya kashe ta. Namijin ya ga abin da ya faru, ya ɗauki darasi, ya koma ga dabara.

To, ka auna. Wadda ta faɗi gaskiya tsirara ta rasa ranta. Wanda ya lulluɓe ta cikin tatsuniya ya sami rawani. Mi yaro zai koya daga nan? Zai koyi cewa gaban mai iko sai lallashi. A fadar da ɗan sarki ke kashe wanda ya ce masa a'a, lalle wannan wayo ne na tsira da rai. Amma ƙungiyarku ba fada ba ce. Shugaban rumbun tsimi ba ɗan sarki ba ne. Ku kuka zaɓe shi, hatsinku ne yake tsaro. In kuka ɗauki halin aku kuna yi masa kewaye, ranar da za ku gane buhu goma sun ɓace, damina ta riga ta kama ku da yunwa.

Abu na biyu ya fi wannan girma. Ƙasar Abdurrahman duka ta rataya ga tsuntsu ɗaya. Da aku ya yi rashin lafiya kwana biyu, ko kyanwa ta kama shi, shi ke nan Musa ya faɗa hannun maƙiya. Ba wani dattijo da ke duba aikin waziri. Ba wanda ke tambayarsa wa yake aika wa takarda. Cikin ƙananan labarun da aku ke bayarwa akwai manoma da fatake da talakawa iri iri. Amma cikin babban labarin, inda ake yanke maganar yaƙi da zaman lafiya, ba a tambayi talaka komi ba. Da aka kawar da mugun waziri sai aka sa nagari a gurbinsa, tsarin kuwa yana nan yadda yake. In wani macuci ya sake hawa wannan kujera, wa zai kama shi?

Ba na zargin marubucin da rashin sani. Ya rubuta wa ƴan makaranta ne a zamanin Turawa da sarakuna, ya kuma zana duniyar da ya tarar. Shi ne ma daga baya ya riƙa buga wasiƙun masu karatu cikin jaridarsa, mutane suna faɗin abin da ke damunsu. Sai dai mu da ke karanta littafin yau, wajibi ne mu san iyakar darasinsa. Yana koya mana yadda za a zauna da mai iko. Bai koya mana yadda jama'a za su binciki wanda suka ɗora ba.

Abin da ya faru a ƙasarmu

Kada ka ce wannan zancen littafi ne kawai. An gwada shi a nan, da gyaɗar kakanninmu. Tambayi tsofaffin garinku, za su ba ka labari.

A da, gyaɗa ita ce dukiyar Magarya da Matamai da Maraɗi. Kamfanoni da dillalansu ke saye. Su ke da sikeli, su ke da alƙalami. Manomi ya kawo kayansa, a ce masa kilo kaza ne, ya karɓi abin da aka miƙa masa. Ba ya iya karanta lambar sikeli, balle ya yi gardama.

A shekarar 1962 gwamnatin Nijar ta kafa hukumar ƙungiyoyin manoma da bashi, wadda ake kira UNCC. A wannan shekara kuma aka kafa SONARA, kamfanin fitar da gyaɗa waje. Daga 1966 aka shigo da sabon tsari a ƙasar gyaɗa. Garuruwa kaɗan su haɗu su riƙe kasuwa guda. Su zaɓi shugabansu, da mai awo, da mai rubutu, duk daga cikin manoma. Bayan an rufe kasuwa, ribar da ta rage a komo da ita gari. A fara cire bashin iri da garin ya ci, sauran a raba wa mutane gwargwadon abin da kowa ya kawo.

Ka ga hikimar wannan tsari? Mai awo ɗan gari ne, gobe za ku gamu a masallaci. In wani ya ƙi biyan bashi, rabon kowa ne ke raguwa, don haka kowa ya sa ido. Yaƙi da jahilci ma ya sami ma'ana, domin wanda ya iya lamba shi ke tsayawa kusa da sikeli ya ga gaskiya da idonsa. Gani ya kori ji.

To, mi ya hana abin ɗorewa? Fari na 1973 ya zo. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda ƙwaron darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki. Gyaɗa ta faɗi, riba ta ƙafe, bashi ya taru. Wannan daga Allah ne. Amma akwai abin da ya fito daga mutane. Manyan littattafan lissafi da Faransanci ake rubuta su, suna hannun ma'aikata. Farashi daga Yamai ake yanke shi. A wurare da yawa masu gari da masu hali su suka riƙe muƙamai, talaka yana jin nauyin tambayarsu. Sannu a hankali manoma suka ɗauki ƙungiyar abin gwamnati ce. Abin da ba naka ba kuwa, ba ka tashi tsakar dare ka kare shi. A tsakiyar shekarun 1980 aka rushe UNCC, aka kafa wata ƙungiya a madadinta.

Lalle cikin ma'aikatan nan akwai masu gaskiya da ƙwazo. Inda aka dace da irinsu, kasuwa ta yi kyau. Ranar da aka yi musu canjin wurin aiki, sai abu ya lalace. Ka ga aku ke nan. Gari ya dogara ga mutum ɗaya mai hikima, shi kuwa ba dawwama zai yi ba.

Abin da mata suka gano

Yanzu ga wani misali da ya bi wata hanya. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta taimaka aka fara asusun da ake kira Mata Masu Dubara. Mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda. Su ba junansu bashi, a biya da ɗan ƙari, bayan wasu watanni su raba. Yawancinsu a lokacin ba su iya karatu ba. To, yaya suka tsare kuɗinsu?

Akwatin yana da kwaɗo uku. Mabuɗan suna hannun mata uku dabam, akwatin kuma yana ɗakin wata ta huɗu. Ba a buɗe shi sai gaban taro. A ƙirga kuɗi a fili, a faɗi jimla da ƙarfi, kowa ta riƙe a ka. Mako mai zuwa a tambaya nawa aka bari, a buɗe a gani ko ya yi daidai. Wannan tsari ya bazu cikin Nijar, ya ƙetara zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta.

Ka lura, matan nan ba su jira samun shugaba waliyyiya ba. Sun yi tsarin da ko shugabar ta so cuta ba ta da hanya. Tsarin kuma ya kare ita shugabar kanta. Ba mai iya yi mata ƙazafi, domin komi a idon jama'a aka yi shi. Da fadar Abdurrahman tana da kwaɗo uku irin wannan, da waziri bai kai inda ya kai ba.

Abin da ya rage gare ka

Mu ba mu da aku. Abin da muke da shi yanzu shi ne karatu da lissafi, da bakin tambaya. Ga abubuwa biyar da nake roƙonka ka kai taron ƙungiyarku.

Na ɗaya, a raba aiki. Mai riƙon kuɗi dabam, mai rubutu dabam, mai mabuɗi dabam. Kada su zama ƴan gida ɗaya.

Na biyu, a rubuta littafin lissafi da Hausa. Ba abin kunya ba ne. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Littafin da mutum ɗaya kaɗai ke iya karantawa aljihunsa ne, ba littafin ƙungiya ba.

Na uku, a sa ranar karanta lissafi, a san ta tun farkon shekara. A karanta da ƙarfi, kuma wanda ba ya cikin kwamiti shi zai karanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na huɗu, a gwada rubutu da abin da ke ƙasa. Ga misali. A ce rumbunku ya sayi buhu 30 na hatsi da kaka, kowane buhu tiya 40. Tiya 1200 ke nan. Littafi ya nuna an sayar da tiya 800. To, sai a tarar da buhu 10 cikin rumbu, da kuɗin tiya 800 cikin akwati. In buhu 8 kuka gani, ku tambayi inda 2 suka shiga. Wataƙila ƙwari ne suka ɓata su. Wataƙila an ba wani bashi an manta ba a rubuta ba. Wataƙila kuma hannu ne ya ɗauka. Ko wanne ne, gara a sani yau da a sani cikin watan bakwai.

Na biyar, a yanke wa muƙami wa'adi. Shekara biyu ko uku, a sake zaɓe. In shugaba ya yi kyau a mayar da shi. In ya gaza a sauke shi ba tare da zagi ba. Kuma kowane mai muƙami ya koya wa wani aikinsa, don kada tafiya cin rani ta mutum ɗaya ta rufe famfon gari.

In kai ne shugaban, ga tawa shawara. Wanda ya tashi cikin taro ya tambaye ka lissafi, kada ka yi masa abin da Musa ya yi wa macen aku. Ba da hannu kawai ake kashe mai gaskiya ba. Ana kashe shi da harara, da gori, da cewa yaro ne bai san manya ba, ko mace ce ta yi shiru. In ka yi haka sau ɗaya, sauran za su koma ba ka labarai masu daɗi, kai kuwa ba za ka ƙara jin inda rufin ke yoyo ba. Ka gode masa, ka buɗe littafi. Shugaban da ya ce a zo a duba shi, shi ne wanda ake sake zaɓe.

In kuwa kai ne mai tambayar, ka ɗauki rabin halin aku. Ka zaɓi lokaci, ka gaida manya, ka sassauta murya. Ladabi ba ya rage gaskiya. Amma lambar da ka gani a littafi ka faɗe ta yadda take.

Hukuncina a kan littafin

Magana Jari Ce littafi ne da ya cancanci a neme shi. Za ka yi dariya, Hausarka za ta ƙaru, karatunka zai yi sauri. Ku karanta shi da dare a ajinku, kowa ya ɗauki shafi guda. In kun kai wurin da aka naɗa aku waziri, ku rufe littafin ku tambayi junanku: in akun nan ya mutu, wa zai tsare ƙasar? Sa'an nan ku juyo da tambayar kan rumbunku, da famfonku, da asusunku.

Wanda ya sami amsa, ko yake ganin na yi wa littafin rashin adalci, ya rubuto wa wannan mujalla da hannunsa. Ko layi biyar ne ya isa. Allah ya ba mu shugabanni masu jin magana, ya ba mu mabiya masu faɗinta. Wassalam.